Littafin Bitrus a Kan Cinyata, Daga Maiyama Har Kwatano

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowata daga Kwatano, kuma har yanzu ban zauna a majalisar ƙofar masallacinmu na Kashin Zama ba tare da an ce in sake ba da labari ba. Wani ya ce in faɗi yadda teku take. Wani ya ce wai da gaske ne mata na tuƙa babur a can. Amma abin da aka fi son ji shi ne maganar da ta riga ni isowa gida, wai an gan ni a bakin iyaka rungume da littafin Kirista. Gaskiya ne, an gan ni. Na gaji da farawa ana katse ni a tsakiya, kuma ina tsoron kada garin maimaitawa in ƙara abin da bai faru ba, ya zama na yi ƙarya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Karatuna iyakar firamare ne, a yi haƙuri da abin da aka gani.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Manu, noman albasa nake yi. A garinmu Manu Waswasi ake ce mini, kuma ba na jin haushi don ba su yi mini ƙage ba. Nakan sake alwala don na manta ko na shafi kunnen hagu. In na ga takarda a ƙasa sai na ɗauka na duba, in akwai sunan Allah a jiki in soke ta a tsagar bango. Wannan halin ne ya sa da mu huɗu muka haɗa albasarmu za a kai Kwatano, sauran ukun suka ce ni zan bi kayan, wai mutumin da ke komawa sau uku ya duba ko ya rufe akurki ba zai bar buhu ya yi ƙafa ba. Ni da ko Yawuri ban taɓa wucewa ba, ga ni zan tsallaka ƙasa! Ranar da aka faɗa mini, murna ta hana ni cin tuwo.

A Aliero aka yi lodi da hantsi, a wata tsohuwar roka mai bodin katako. Direban sunansa Bitrus, mutumin wajen Zuru ne, Kirista, ya ba hamsin baya, ga dariya kamar ana buga ganga. A Jega muka ɗauki Malam Sahabi, mai makarantar allo, zai je duba yayansa da ya daɗe a Kwatano. Ashe su biyun sun saba, ba wannan ce tafiyarsu ta farko ba. Malam na hawowa ya ce, "Ɗan Zuru, har yau ba ka musulunta ba?" Bitrus ya ce, "Alaramma, kai nake jira ka fara zuwa coci, sai mu yi musaya." Na zaro ido na ce yau za a yi faɗa, sai na ga har da tafawa.

Kujera biyu ce a gaban motar. Na bar wa Malam ta gefen taga, ni na zauna a tsakiya, kan wani akwatin katako da aka ɗora wa matashi. Ina ta leƙe hagu da dama kamar ban taɓa ganin kwalta ba.

A Maiyama Bitrus ya tsaya zai ɗaure noti, ya ce in ɗaga ya ɗauki sifana. Na ɗaga, ya buɗe akwatin. Gefen ƙarafa sai ga wani littafi mai kauri, baƙin bango, a cikin leda duk baƙin mai. Na ce wannan fa? Ya ce, "Littafina ne, Littafi Mai Tsarki. Na Hausa ne ma, duba." Ya buɗe mini tsakiya. Idona bai sauka ko'ina ba sai kan sunan Allah, da baƙaƙen boko, har wuri uku a shafi ɗaya.

Jama'a, sai na ja da baya na juya wajen Malam.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, tun Jega bisa wanga nike zaune."

Malam ya ce, "Na gani. Ba ka sani ba, babu laifi gare ka."

"A'a Malam, a gaya mini dai. Maganar Allah ce ko maganar mutane? In san bisa mi na zauna."

Bitrus ya riga shi. "Maganar Allah ce daga bango zuwa bango. Amma koma ka zauna abinka, Manu. Mutum nawa suka zauna nan kafin kai? Rufin motar nan yoyo yake, shi ya sa na sa shi ciki. Maganar ai ba a takarda take kwance ba." Ya bugi ƙirjinsa. "Nan take."

Malam ya ce, "Ji shi! Linjila dai Allah ya saukar wa Annabi Isa, amincin Allah shi tabbata gare shi, wanga ba mai musu. Amma wadda ke hannunku, hannun mutane ya shiga cikinta." Ya juyo gare ni. "Kai kuwa Manu, kada ka kuskura ka koma bisansa. Akwai sunan Allah ciki, akwai sunayen annabawa."

To ku duba mini wannan lamari. Wanda ya ce maganar Allah ce ya ce in zauna. Wanda ya ce hannun mutane ne ya ce kada in zauna. Ni kuma ina tsaye a bakin titin Maiyama, rana na dukana, ban san na wanda zan ɗauka ba.

Muka shiga neman inda za a ajiye shi. Na cire ledar mai ɗin na yar, na ɗora shi gaban gilashi. Ramin farko da muka faɗa sai ga shi ya zamo zai faɗi wajen ƙafafunmu, da ƙyar na cafe. Bayan kujera takalma ne da jak. Na ce ko Malam zai sa a jakarsa. Ya ce Alƙur'aninsa na ciki, ba ya haɗa shi da komai. Da na rasa yadda zan yi, na kwance sabon hiramina daga kafaɗa, na naɗe littafin, na ɗora a cinya. Na ce a raina zuwa Koko dai za su gama musun in san matsayina.

Ba mu yi nisa ba wani tunanin ya taso mini. Na ce, "Malam, ana riƙe shi ba alwala?"

"Ba a wajabta maka ba."

"To in akwai ragowar na asalin ciki fa?"

Malam ya yi tsaki ya ce, "Kai dai Manu, Allah shi ba ka lafiya." Wannan kuwa ba amsa ba ce. Na roƙi Bitrus ya tsaya, na sauka da buta na yi alwala. Daga nan na ɗaura wa kaina aiki: muddin littafin nan na cinyata, sai da alwala. Wanda ya taɓa zama a roka mai lodin albasa, ga zafi ga jijjiga, ya san abin da na ɗauko.

A Koko suka ci shinkafa da wake. Ni ina ganin waken na kau da kai, kun san dalili. Burodi na ci da ruwa. Daga nan muka bar babban titi muka yi yamma. Da muka hau gadar Tuga na ga Kwara, sai da na yi kabbara da ƙarfi. Ruwa iya ganinka, jiragen masunta kamar ɓawon gyaɗa! Na ce Allah, da rabin wannan a fadamarmu, wa zai sake sayen man injin ban ruwa?

Muna sauka daga gadar musun ya tashi sosai. Malam ya ce, "Ɗan Zuru, gaya mini tsakaninka da Allah. Linjilarku ba sunayen mutum huɗu ke bisanta ba? Wanga ya rubuta tashi, wancan ya rubuta tashi. Ina wadda Annabi Isa ya karanta da bakinsa?"

Bitrus bai amsa masa ba, ni ya taɓa da gwiwar hannu. "Manu, albasar da ke bayanmu, wa ya yi ta?"

Na ce, "Allah."

"To kai me ka yi wata huɗu a fadama?"

"Na yi reno, na dasa, na yi ban ruwa."

"Ka gani. Hannunka ne, amma yin Allah ne. Haka littafin nan. Mutane suka riƙe alƙalami, Ruhun Allah ya bi da su."

Wallahi maganar ta shige ni, har na ƙara gyara riƙon littafin. Sai Malam ya ce, "Madalla. To tambayi Manu, in munka isa ba sai an zazzage buhu an tsince ruɓaɓɓa ba? Duk abin da ya bi hannun ɗan Adam ya yi doguwar tafiya, haka yake isowa."

Bitrus ya bugi sitiyari yana dariya. "Alaramma, ka iya! Amma wanda ya iya saukarwa, tsarewa ce za ta gagare shi?"

"Ba ta gagare shi ba. Shi ya sa ya saukar da na ƙarshe, ya ce wanga shi da kansa zai tsare."

"Wato na farkon ya bar wa ɓarayi?"

"Ya bar wa masu shi amana, ɗan Zuru. Kai ka san yadda mutane ke yi da amana."

Haka suka yi ta yi har Ka'oje. In Bitrus ya yi magana sai in ji littafin ya ƙara nauyi. In Malam ya yi sai in ji ya ɗan yi sauƙi. Ni dai kaina na juyawa tsakaninsu kamar mai kallon dambe, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin abin nake ji. Ban taɓa zaton ana irin wannan magana ido da ido a tashi lafiya ba.

La'asar sakaliya muka isa iyaka a Tsamiya. Motoci jere, masu shayi, masu canji, Hausa da Dandanci da Faransanci duk a cakuɗe. Aka ce mu sauko a duba takardu. Na sauko da ƙullina a ƙirji. Wani jami'i ya nuna shi ya ce mene ne a ciki. Na kwance. Ya dubi littafin, ya dubi hulata da carbin da ke wuyana, ya sake duban littafin.

"Fasto ne kai?"

Na ce, "Subhanallahi! Musulmi ne ni, yallaɓai."

"To me kake yi da shi?"

"Riƙo nike yi."

"Na wa?"

"Na direba."

"Shi ba shi da wurin ajiya?"

"Akwai, amma nan nike zama."

Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake faɗa daga farko. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce in wuce. Ina juyawa sai na yi ido huɗu da wani mutumin Karaye mai fataucin shanu, wanda ya san ni a kasuwar Jega. Ya buɗe baki ya kasa rufewa. Na nufe shi in yi bayani, sai aka kira motarsu. To masu tambayar inda labarin ya samo asali, ga shi nan.

Takardu ba su kammala ba, a nan muka kwana, a wata rumfar direbobi. Na rataye littafin cikin hiramin a wata ƙusa ta sama, sannan na samu na ci tuwon dawa na miƙe ƙafa. Da safe na ga abin da ya ba ni mamaki. Bayan mun yi sallah, Bitrus ya sauko da littafinsa ya zauna kan taya, kofin shayi a hannun dama, littafi a hagu, ko fuska bai wanke ba. Yana karantawa yana kurɓa. Can ya zaro biro ya ja layi a ƙarƙashin wani wuri, ya yi rubutu a gefe. Na ce, "Bitrus! Cikin littafin da ka ce na Allah ne?" Ya ce, "Wurin da ya taɓa ni nake yi wa alama, don in dawo." Na lura kuwa da ya gama ya rufe ido, ya daɗe bakinsa na motsi. Mu girmamawarmu a hannu take farawa, tasu ban san inda take farawa ba, amma na ga akwai ta.

Muka shiga ƙasar Benin. Kai, jama'a! Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawon na yanka dasashi. Fetur a manyan kwalabe ake sayarwa bakin titi, kamar man gyaɗa. Jandarma in ya tsayar da kai sai ya fara sara maka, sannan ya yi maganar da ba ka ji ko kalma ɗaya. Tsakanin Segbana da Kandi ƙasar kamar tamu ce, ga Fulani da shanu ga gonakin auduga, har na ce wa Malam anya mun fita Najeriya kuwa.

A wannan hanyar ne na yi abin da na daɗe ina kokawa da zuciyata a kai. Na ce tunda su biyun sun kasa raba mini gardama, bari in duba da idona. Na tambayi Malam ko ya halatta. Ya ce, "Duba, ba ya cizo. Amma ka san ba kai ne alƙalin ba." Na yi bisimilla na buɗe wajen ƙarshe. Sai na tarar da wani mutum yana gaida abokansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a gaida wane, a gaida wance da mutanen gidanta, daidai irin wasiƙar da ɗan ci-rani ke aikowa gida. Na ɗago kai da murna. Na ce, "Alhamdu lillahi! Wanga ai wasiƙa ce, maganar mutum ce!"

Bitrus ya ce, "Wasiƙa ce mana, mun ɓoye ne? Manzo ne ya rubuta wa masu bi. Allah ba ya iya koyar da bayinsa ta wasiƙa?"

Malam ya ce, "Mu irin wanga tarihin magabata muke kiransa. Muna girmama shi, amma ba mu ɗinke shi bango ɗaya da wahayi."

Har na fara tunanin mayar da shi akwati. Sai na ce bari in ƙara duba wuri ɗaya don in tabbata. Na buɗe wajen farko. Wa zan gani? Annabi Yusufu, 'yan'uwansa sun jefa shi rami, sun kai wa mahaifinsu riga da jini. Labarin da nake ji a tafsirin azumi ina hawaye! Na rufe da sauri na sake naɗewa. Bitrus ya ce, "Yaya, alƙali, an yanke hukunci?" Na ce a tsaya in sake alwala, don na yi gumi har ban san matsayinta ba.

Da yamma muka isa Paraku, gari babba. A nan na fara ganin mace kan babur, da ɗan kwalinta da jakarta, ta sha gabanmu har tana yi wa Bitrus hon. Muka sauka a garejin manyan motoci kusa da zango. Akwai wata mai abinci da direbobi ke kira Madam, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Sai da Malam ya tabbatar mini mahaucin zango ne ke yanka mata nama sannan na zauna. Sakwara ta kawo da miyar gyaɗa, da wani cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagashi, soyayye. Ban taɓa sa abu mai laushi irin wannan a baki ba. Ku yafe mini, faranti biyu na ci.

Da ta ga littafin a cinyata sai ta tafa hannu, ta shiga ciki ta fito da nata. Shi kuma da yarensu aka rubuta, ko harafi ban gane ba. Ta ce na mijinta da Faransanci ne, kuma ya fi nata yawan littattafai a ciki, don ba cocinsu ɗaya ba.

Malam ya ajiye loma. "Ka ji ko, ɗan Zuru? Gida ɗaya, littafi biyu, wani ya fi wani. Wanne ne na Allah?"

Bitrus ya ce, "Ƙarin da ke nasu tsofaffin littattafai ne da magabata suka yi saɓani a kai. Labarin Almasihu ɗaya ne a duka. Yare kuwa, Alaramma, Allah da ya halicce mu Dakarkari ai yana jin Dakarci."

"Yana ji. Amma in ɗalibina ya ƙara wasali ɗaya bisa allo, mutum goma na gyara mai da ka, ba su duba takarda ba. Ku wa ke gyara muku?"

"Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da aka adana, masana na gwada sabo da tsoho."

"Ka gan su?"

"Kai ka ga Lauhul Mahfuzu?"

Malam ya yi dariya har ya ƙware, Madam ta kawo masa ruwa. Ni kuwa wata sabuwar damuwa ce ta same ni. Garejin cike yake da takardu a ƙasa, duk da Faransanci. Na tambayi Bitrus yadda suke rubuta sunan Allah, ya zana mini harafi huɗu a tafin hannu. Da ma ban tambaya ba! Daga nan na fara ganinsa a bayan kowace mota, a goshin kowane shago, har a wata takardar da aka ƙunshe ƙosai. Na cika aljihu biyu kafin Malam ya kama hannuna ya ce in na ce zan share ƙasar Benin, albasa za ta tsiro a mota.

Washegari muka kama hanyar kudu. Ƙasa ta koma kore shar, ga duwatsu manya, ga doya tuli-tuli bakin hanya, ga abarba da ban taɓa ganinta da ganyenta ba. Sai dai na ƙara da sakwarar Madam da safe, ita ce ta ci amanata. Barci ya sace ni, mai nauyi, har da minshari in ji su. Na farka na ga littafin ya zamo har gwiwa. Na ce a tsaya, alwala ta tafi. Bitrus ya ce titin ba shi da kafaɗa, ba inda zai raɓa da lodi. Haka na kama bakin hiramin da yatsu na ɗaga shi sama kamar mai ɗauke da tukunya mai zafi, har muka sami wurin tsayawa. Malam ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya wahala da littafin da ba nasa ba irina. Na ce, "To ku gama musun mana in huta!" Suka ce ai shekara da shekaru suna yi, ba a tafiyata za a gama ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, don ni da gaske nake jiran amsa.

Bayan azahar muka shiga Kwatano. 'Yan kabu-kabu kamar fari, kowa da riga ruwan ɗorawa. Daga kan wata gada Bitrus ya ce, "Manu, ga tekunka can." Na hango ruwa ya tafi ya haɗe da sama, babu gaɓa a ɗaya gefen. Sai salati na yi ta yi. Iskar garin kuwa jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa mutum a jiki.

Muka shiga filin da ake sauke albasa. Ƙasar duk caɓi ce baƙa, sai katakai da aka shimfiɗa ana jera buhuna a kai. Na sauko da ƙullina kamar yadda na saba. Bitrus ya kulle motar, don an ce wurin akwai masu saurin hannu, ya jefa makulli a aljihu ya haye saman lodi yana miƙo wa 'yan dako. Malam na tsaye gefe yana jiran yayansa ya aiko a ɗauke shi. Ni ina bin kowane buhu da ido.

An sauke kamar rabi sai na ji iska ta canja. A garinmu hadari kan yi sallama, ka gan shi tun daga gabas ka kwashe shanya. Na can ba ya sallama. Kafin in ɗaga kai sama ta yi baƙi, ɗigo ya fara sauka manya-manya. Kowa ya san abin da ruwa ke yi wa albasa. Ga noman mutum huɗu a fili, rabi a ƙasa rabi a mota. 'Yan dako suka ruga suka jawo tamfol, iska na fizge shi. Bitrus ya ƙwala mini kira daga sama, "Manu! Kama bakin can! Hannu biyu!"

Hannu biyu. Na dubi ƙasa, caɓi. Na dubi mota, a kulle. Kan buhu kuwa ruwa ya riga ya fara gudu. Na tsaya a tsakiyar fili ina juyi, littafi a ƙirji, mutane na yi mini ihu da yare uku. Ban san lokacin da na isa gaban Malam ba. Na miƙa masa ƙullin.

Ya dube ni, ya dubi ƙullin. Sai ya goge tafinsa a jikin riga, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga babbar rigarsa ya tura shi ciki ta wajen ƙirji, ya duƙa ya ba ruwan baya.

Na ruga na kama tamfol. Muka ja, iska ta ja, na faɗi a caɓi na tashi, hulata ta bi ruwa, takardun aljihuna na dafe da gwiwar hannu. Da ƙyar muka rufe na ƙasa muka danne da duwatsu, muka rufe na mota muka ɗaure. Ruwan ya zuba kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke kamar ba a yi ba. Na ɗaga gefen tamfol na tura hannu, na ji buhunan a bushe, sai na bakin layi da suka ɗan sha. Na zauna kan katako ina haki ina hamdala.

Bitrus ya diro daga mota yana tsiyaya. Ya hango Malam har yanzu a duƙe jikin bodin motar, rawani ya jiƙe ya zubo, rigar ta manne a bayansa, hannu biyu a ƙirji. Ya tsaya. Ya ce, "Alaramma, duk wannan a kan maganar mutane?"

Malam ya miƙe a hankali, ya zaro ƙullin daga cikin riga.

"Ban canja magana ba, ɗan Zuru. Hannun mutane ya shiga cikinsa, gobe ma haka zan ce maka. Amma ban san shafin da bai shiga ba, ruwa kuwa ba ya zaɓen shafi."

Bitrus ya matso kusa da shi. Ya miƙa hannu zai karɓa, ya ga ruwa na ɗiga daga yatsunsa, ya janye. Ya nemi busasshen wuri a jikinsa ya rasa. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Manu, riƙe mini tukuna."